Motar Auta da Idon Inna

Akwai wani saurayi a Gwandu, Zubairu sunansa, shi ne auta a ɗakinsu. Shekara tara ya yi a Legas yana harkar wayoyi, sai bana ya dawo gida. Bai dawo da mata ba, bai dawo da jarin kirki ba. Mota ya dawo da ita.

Amma fa mota ce! Ƙirar Jamus, ƙofa biyu, cikinta kamar zai shafi ƙasa. In ya taka ta a layinsu, ƙarar salansa sai ta tashi awaki daga inuwa. Hannu uku ta bi kafin ta zo nasa, sai dai wannan bai taɓa gaya wa kowa ba.

Zaman gida ya gagare shi. Da hantsi ya zaga gari, da la'asar ya fita hanyar Masama ya gwada gudu ya dawo. Komai na garin ya yi masa kaɗan.

Kwana huɗu da dawowarsa, yayansa Lukuman ya ga baƙin tabo a ƙofar gida, daidai inda motar ke kwana. Lukuman makanikin injin ban-ruwa ne, duk mai noman shinkafar rani a yankin ya san shagonsa. Ya durƙusa, ya dangwala da yatsa, ya shinshina.

Ya ce, "Zubairu, motag ga yoyo takai. Buɗe bonet in gani."

Zubairu ya buɗe yana ɓata rai. Lukuman ya leƙa, ya shafa gefen injin.

"Robar murfin inji ta ta ƙone. Abu kaɗan na. Aje ta kwana biyu, in aika Sakkwato a kawo roba, in canza maka. In kuwa ka ci gaba da wanga gudu naka tana zubar da mai, wata rana injin bugawa zai yi."

Akwai mutane zaune a dakalin ƙofar gida, suna ji. Abin da ya ƙona wa Zubairu rai ke nan. Ya yi dariya da ƙarfi.

"Haba Yaya! Wannan ba injin fadama ba ne da ake ja da igiya. Kwamfuta gare ta. Makanikina na Legas sai ya sa safar hannu yake taɓa ta. Don Allah ka tsaya a kan abin da ka sani."

Lukuman ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Allah shi ba ka haƙuri," ya hau babur ɗinsa ya tafi.

Daga nan Zubairu ya kama nasa gyaran. Ya sayo galan na baƙin mai daga Birnin Kebbi, kullum da safe ya ƙara mata. Ya watsa yashi a kan tabon ƙasa. Ya sa aka wanke injin ya yi ƙal. Da jar wutar nan mai kama da buta ta dame shi da kunnawa a gaban sitiyari, sai ya yanki baƙin salatif ya liƙe ta. Shi a ganinsa an gama.

To, a gidan akwai mahaifiyarsu, Inna Ummulkhairi. Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe mata ido biyu. Dare da rana kawai take bambancewa. Da laluben bango take zuwa bayi, matar da a da ita ke tsince shinkafar unguwa in ana biki.

Sai labari ya zo cewa likitocin ido sun sauka a wani asibiti a Kalgo, suna cire yana. Lukuman ya yi sawu biyu a babur kafin ya samo mata kati. An rubuta ranar Alhamis, a iso kafin ƙarfe sha biyu, domin daga ranar likitocin za su wuce wata jiha. Ya yi magana da Abdulhakeem, direban motar haya, cewa ya ajiye mata kujerar gaba.

Ranar Laraba da la'asar Zubairu ya ji. Ya taso kamar zai ci mutum.

"Ina da mota a ƙofar gida, a ɗauki uwata a motar haya, a matse ta da buhunan albasa? Mutane su ce me?"

Lukuman ya ce, "Su ce abin da sunka ga dama. Ni idon Inna nis sani."

"Kai dai baƙin ciki kake yi da motar nan tun ranar da na zo!"

"Ni? Da akwalar da ke hitsari ƙofar gida kullum?"

Inna ta ɗaga hannu daga kan tabarma. "Ku bari, ku bari. Bar Auta shi kai ni. Shekara tara ban zauna kusa da shi ba."

Uwa ta yi magana, magana ta ƙare. Lukuman ya haƙura. Ya ce shi zai biya fadamar Dodoru da safe, akwai injin da ya mutu shinkafa na bushewa, daga can zai same su a Kalgo. Ya dubi ƙaninsa ya ce, "Abu biyu kaɗai. Duba mai kahin ku tashi. Kuma kada ka yi gudu."

Alhamis da safe Zubairu ya ɗaga galan, ya ji shi fayau. Mai ya ƙare. Irin wanda motar ke sha kuwa sai Birnin Kebbi. Yana waige-waige sai ya hango jarka a kusurwar zaure. Tsohon mai ne da Lukuman ke juyewa daga injinan ban-ruwa, yana tarawa ana shafa wa katakon rufi saboda gara. Baƙi ƙirin, da guntun datti a ciki.

Zubairu ya ce a ransa, mai ai mai ne. Ya yanke gorar ruwa ya yi mazurari, ya ɗura mata.

Suka kama hanya. Da farko a hankali yake tafiya, Inna na jan carbi tana sa masa albarka. Can sai ga motar Abdulhakeem cike da fasinja, ta wuce su, direban ya danna hon na gaisuwa.

Gaisuwa aka yi masa, shi kuwa zagi ya ji. Motar haya ta wuce shi? Ya taka totur har ƙasa. Motar ta yi kuka, ta wuce ta Abdulhakeem kamar tana tsaye.

Inna ta ce, "Auta, ina jin ƙauri."

"Buntun shinkafa ake ƙonawa a gona, Inna."

"Wanga ba ƙaurin buntu ba na. Rage gudu."

Bai rage ba. Sun wuce Kambaza kaɗan sai injin ya fara ƙaf-ƙaf-ƙaf, kamar ana daka a turmin ƙarfe. Hayaƙi ya turnuƙe ta gefen bonet. Motar ta yi shiru, ta gangara bakin hanya ta tsaya. Lokacin ƙarfe tara da rabi.

Ba a jima ba Abdulhakeem ya iso. Ya tsaya, ya leƙo.

"Subhanallahi! Zubairu, lahiya? Kawo tsohuwa in wuce da ita, sai wani shi koma baya. Kai ka tsaya wurin motarka."

Jama'a, a nan ne Allah ya miƙo masa mafita har hannu. Amma fasinjoji sun zuba masa ido, wani ma ya ɗaga waya kamar zai ɗauki hoto.

Ya ce, "Zafi ta ɗan yi. Yanzu za ta tashi. Wuce abinka."

"Kai yaro, wagga ƙara da nij ji ba ta zahi ba ta. Ba ni tsohuwa."

"Na ce ka wuce! Uwarka ce ko tawa?"

Inna ta zauna inda take. Ba ta son kunyata ɗanta a gaban mutane. Abdulhakeem ya girgiza kai ya ja motarsa.

Zubairu bai kira yayansa ba. Makanikin Legas ya kama nema. Babu sabis, ya hau kan suri yana ɗaga waya sama. In ta shiga ba a ɗauka, in an ɗauka ta katse. Inna na zaune gindin wata bagaruwa, katinta a hannu, tana tambaya, "Auta, ƙarhe nawa?" Shi kuwa yana cewa da sauran lokaci.

Sai sha ɗaya saura ya samu mutumin. Ya murza makulli ya kara masa waya ya saurara. Makanikin ya ce, "Oga, injin ya buga. Ko ni na zo babu abin da zan yi."

Yana tsaye da waya a hannu sai ga Lukuman a babur, laka har gwiwa. Abdulhakeem ne ya yi ta kiransa har ya same shi a fadama. Ko kallon Zubairu bai yi ba. Ya ɗaga Inna ya ɗora ta a baya, ya ɗaure ta a jikinsa da mayafinta.

Tsohuwar da ba ta gani, wa zai yi gudu da ita a babur? A hankali suka tafi. Zubairu ya tari ɗan acaɓa ya bi su, ya bar motar a nan bakin hanya.

Ƙarfe ɗaya saura suka shiga asibitin. Ma'aikaciyar jinya da ke riƙe da takardar sunaye, Sista Naomi, ta karɓi katin ta duba.

"Ummulkhairi daga Gwandu? Sau uku na kira sunan nan. Da ban ji amsa ba aka ba wani tsoho gurbinta. Yana ciki yanzu."

Lukuman ya roƙa har ya durƙusa. Ta shiga ta yi magana da likita, ta fito. Ta ce kayan aikin da suka zo da su daidai mutanen da ke ciki ne, ko ɗaya bai rage ba.

"Yaushe za su dawo?"

"Wataƙila baɗi, wataƙila ba su dawo ba. Wallahi ban sani ba. Mama, ki yi haƙuri."

Suka fito gindin dogon yaro. Mutane na wucewa da farin bandeji a ido ɗaya, 'ya'yansu na riƙe da su, ana ta hamdala. A nan haƙurin Lukuman ya ƙare.

"Ka zage ni gaban mutane, na yi shiru. Ka ce baƙin ciki nikai, na yi shiru. Roba guda, Zubairu! Roba guda da kwana biyu! An ce kawo ta a kai ta, kac ce uwarka ta. To ga ta nan, uwarka ta. Dube ta! Kai kana da idon dubin ta, ita hwa?"

Zubairu ya sunkuyar da kai.

Inna ta ce, "Ya isa. Abin da Allah bai rubuta ba, ba shi yiwuwa."

Ta miƙa hannu tana lalube har ta kama hannun rigar Zubairu. Ba faɗa a muryarta, da ma faɗan ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Auta, wai motag ga taka da aka ta magana, wace kala ta? Na so in tambaye ka tun ranar da kaz zo, sai nic ce bari dai, ran Alhamis in gani da kaina."

Zubairu ya dubi idon Inna. Ya durƙushe a gabanta cikin ƙasa, yana kuka kamar ƙaramin yaro, mutane na ratse su suna wucewa.

Darasi: Girman kai rawanin tsiya ne, kuma sau da yawa ba mai rawanin ke fara shan wuyarsa ba, na kusa da shi ne. Ƙaramin yoyo gyara yake so, ba ɓoyewa ba. In wanda ya san aiki ya ce maka tsaya, ka tsaya, ko da tufafinsa duk laka ne. In kuma ka riga ka yi kuskure aka miƙo maka hannu, ka karɓa, kada kunyar mutane ta sa ka cuci wanda ya dogara da kai. Ku tura wa 'yan uwa da abokai, musamman waɗanda ba a gaya musu su ji.