Geron Malam Barau

Ranar Laraba, tara ga Yuli, dagaci ya sa wa ɗakin hatsin Malam Barau, tsohon hedimasta, kwaɗo, wai yana ɓoye abinci. Malam ya tafi fada a fusace.

Dagaci ya ce, "Ɗebi iyakar abin da zai kai iyalinka ƙarshen tsadar nan. Rarar mu kwashe."

"Na yarda, ranka ya daɗe. Wace rana tsadar za ta ƙare? Rubuta min, in auna."

"Haba Malam! Wannan ai sai Allah."

"To, wa ya gano rarar?"

Dagaci ya sosa ƙeya. "Je ka, na bar maka."

"Ka bar min gerona? Ranar Juma'a, in an sallame, ka ba ni haƙuri ta lasifika, kowa ya ji!"