"Da Sauƙi" Ɗin Baba Tela

Akwai wata ɗaliba a makarantar koyon aikin jinya da 'yan ajinsu suka laƙaba wa suna Walƙiya, don kafin ka ce kwabo ta yi allura, ta wanke ciwo, ta wuce gado na gaba. Ta iya aiki, ita ma ta san ta iya, kuma nan matsalar take.

Darasi ɗaya ta raina, wanda Malamarsu ke koyarwa kan kula da zuciyar majinyaci da ibadarsa. Takan ce wa ƙawayenta, "Ni jinya na zo koya, ba wa'azi ba."

Da aka tura su asibiti koyon aiki, sai aka ba ta wani dattijo tela da ya karye a cinya. An ɗaure ƙafarsa an rataya mata nauyi, ko juyi ba ya iyawa. An sa masa robar fitsari, jakarta na reto a gefen gado. Tagar da ke saman kansa ba ta buɗuwa. Mutumin da ya tsufa yana taka keken ɗinki, yanzu sai dai ya yini yana kallon fanka.

Kullum a tsaye Walƙiya take tambayarsa, "Baba, ya jiki?"

"Da sauƙi, 'yata."

Sai ta ƙara gaba.

Amma Baba Tela ya daina shan ruwa. 'Yarsa ta yi lallashi har ta yi kuka, ya ƙi. Aka sa masa ƙarin ruwa, ya zare allurar. Leɓensa ya tsage, likita ya ce in aka ci gaba a haka ƙodarsa za ta taɓu.

Malama ta kira Walƙiya ta ce, "Me ke damun majinyacinki?"

"Taurin kai ne kawai, Malama. Na tambaye shi, ya ce da sauƙi."

Malama ta yi mata kallon tausayi. "Kin taɓa jin wanda ya ce babu sauƙi? Ko mai gargara aka tambaya, da sauƙi zai ce. Gaishe shi kika yi, ba ki tambaye shi ba. Ɗauki kujera ki zauna kusa da shi. Kar ki tashi sai ya sallame ki."

Walƙiya ta zauna kamar a kan ƙaya. Ba allura a hannunta, ba abin yi, ba halin tashi. Ita ma sai kallon fanka. A ranar ta ɗanɗani kaɗan daga abin da Baba yake ciki.

Can aka kira la'asar. Baba ya juya fuskarsa bango, hawaye ya gangara masa har cikin kunne.

A hankali ta ce, "Baba, mene ne?"

Ya ce, "'Yata, tun da aka kwantar da ni nan ban yi salla ba. Yaya zan fuskanci Ubangijina najasa na bin jikina ta roba? Na ce in na daina sha za ta ƙafe, in samu ko raka'a biyu."

Kunya ta rufe Walƙiya. Kullum tana auna abin da ke cikin jakar, ba ta taɓa tunanin yadda mai jakar yake ji ba.

Ta nemo limamin masallacin asibitin. Ya bayyana wa Baba cewa mai lalura yana salla a yadda ya samu kansa, Allah bai ɗora masa abin da ba zai iya ba. Aka karkata gadon a hankali ya fuskanci alƙibla, Walƙiya ta kawo masa dutse ya yi taimama, ya yi sallarsa a kwance.

Yana sallamewa ya ce, "Miƙo min kofin ruwan nan."

Washegari ta shigo ta ce, "Baba, ya jiki?"

Ya yatsine fuska. "Ke dai bari, 'yar nan! Ƙafar nan zugi take kamar ana ɗinka ta da basilla. Bayana ma duk ya ƙage."

Walƙiya ta yi dariya, idonta fal da hawaye. Ta jawo kujera ta zauna.

Darasi: Majinyaci ba jiki ba ne kawai, yana da zuciya, da kunya, da Ubangijin da yake son ganawa da shi. "Da sauƙi" gaisuwa ce, amsar gaskiya sai wanda ya zauna yake jin ta. Ku tura wa masu aikin jinya da duk mai zuwa dubiya, ko wani ya jawo kujera yau.