Gwajin Rabin Awa

An yi wani mutum a wani gari, ba sai na kama sunan garin ba, mai gyaran kwamfuta a bayan kasuwa. Sallau ake ce masa. Bawan Allah ne, shagonsa bai fi akurkin kaji ba.

To, ku saurara. Matarsa ta haifi 'ya mace, suna ranar Asabar, ko igiyar rago babu a gidan. Abu ɗaya gare shi mai daraja: wani kati na hannu da ya saya, irin wanda ake sa wa kwamfuta ya riƙa fitar da hoto a allo. Ya sa shi, hoto ya fito tar. Minti goma, lafiya lau. Ana kai rabin awa sai layuka suka cika allon, ɗif, ta ɗauke. Ya taɓa katin, ya ji shi kamar murfin tukunya.

Ya kwance shi, ya hure ƙura, ya kankare busasshen man da ke rage zafi ya shafa sabo, ya canza fanka. Ya sake gwadawa. Rabin awa, ɗif. Ashe zafi ya riga ya cinye shi tun a hannun mai shi na farko.

Maƙwabcinsa Gambo ya leƙo, ya ce, "Kai dai Sallau ka cika wahalar da kanka. Wa ke gwajin rabin awa a kasuwar nan? Minti biyar ne, mai saye ya ga hoto ya biya. Kaya in ya bar shago, ya bari ke nan."

Sallau ya ci gaba da aikinsa. Amma kada ku ɗauka dutse ne, jama'a. Zuciya ta raya masa, don kukan rago yake ji a kunnensa.

Ana haka sai ga wata mata, Hajiya Ladidi, mai shagon haɗa bidiyon biki, tana neman irin wannan katin. Ya sa mata katin, ta ga hoto tar, ta buɗe jaka.

Ya ce, "Hajiya, a ɗan zauna tukuna."

Ta ce, "Malam, ai na gani. Sauri nake."

Ya ce, "Kin ga kyansa, ba ki ga aibinsa ba."

Ta zauna tana tsaki, shi kuwa gumi yake, ya san ragonsa yake kora da hannunsa. Rabin awa na cika, ɗif.

Ta rufe jakarta. Ta ce, "Kati uku na saya a kasuwar nan, duk haka suka yi mini a tsakiyar aikin mutane. Ba wanda ya taɓa ce mini zauna."

Ba ta saya ba, ta tafi. Gambo har da riƙe ciki don dariya. Sallau ya ji ciwo.

Washegari sai ga a-daidaita-sahu a ƙofar shagon, da kwamfuta shida na shagon Hajiya Ladidi, a duba su kafin zafi ya kashe su. Ragon da ya saya da kuɗin aikin ƙarami ne, ba zan ƙara masa ƙiba ba, amma da halal aka yanka wa yarinyar nan.

To 'yan'uwa, kowa mutumin kirki ne na minti biyar. Sai zafi ya taso ake sanin mai amana. Kai mai hatsi da ke ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasan mudu, ke mai sayar da atamfa da ke naɗe inda ta yage, gobe in mai saye ya buɗe jaka, ku ce masa ya zauna ya ga aibin. Abin da Allah Ya rubuta naka ne, ba sai ka yi algus zai zo ba. Allah Ya sa mu dace.