Ragowar Kwanon Maigida

Akwai wani magidanci, manomi, yana zaune da matarsa Damaris, da tsohuwar uwarsa wadda kowa ke kira Iya, da 'ya'yansa huɗu. Autarsu yarinya ce 'yar shekara shida, sunanta Tabita. Tun da aka yaye ta ba ta rabu da ciwon ciki ba. Yau kumburi, gobe zawo, jibi ƙuraje su feso mata a wuya ta yi ta susa har jini. Sa'o'inta suna wucewa makaranta, ita tana kwance a tabarma, ƙafafu kamar sillen kara.

Da suka gaji da jiƙe-jiƙe, suka kai ta asibiti a birni. Likita ya yi gwaje-gwajensa, ya ce cikin yarinyar ba ya karɓar alkama, ba ya kuma karɓar nono da duk abin da aka yi da shi. Ya ce babu maganin da ya wuce a raba ta da waɗannan biyu, gama ko ɗan ƙyas ya shiga bakinta ciwon zai tashi.

Mutumin nan ya dawo gida ya tara iyalinsa ya kafa doka. Doka mai kyau ce kuwa, ba ni da ta cewa a kanta. Ya ce tun da tukunya ɗaya ce a gidan, kowa zai ci abin da Tabita ke iya ci. Burodi, taliya, fanke da cincin, an yi sallama da su. Fura a dama ta da ruwan tsamiya. Man shanu kuwa kada ya ƙara tsallako ƙofar gida.

Faɗar doka ba wuya, Damaris ce ta ɗauki nauyinta. Ta sayi sabuwar rariya da sabuwar muciya. Takan yi sammakon kai niƙa tun masu alkama ba su ɓata inji ba. Da safe koko da ƙosai, da rana fate ko dambu ko ɗanwaken garin rogo, da yamma tuwon dawa, in an samu acha a sauya baki da ita. Yayyen Tabita suka yi ta gunaguni, har suka ce in suka ƙara ganin koko za su yi kuka. Iya ta ce shekara saba'in tana cin tuwo da man shanu, sai da haƙoranta suka zube aka ce ta ci shi gaya. Amma duk suka haƙura saboda yarinyar.

Wata biyar ana wannan fama, ciwo bai tafi ba. Sai mutumin ya hau faɗa, kuma ya iya faɗa. Ya ce Damaris ba ta wanke tukunya da kyau. Ya je ya yi wa mai injin niƙa tas a gaban mutane. Ya hana maƙwabta aiko musu da abinci, ya riƙa lalube aljihun yara in sun dawo daga makaranta. Abin da ya fi ba ni haushi, ya shiga ɗakin uwarsa ya buɗe kwanukanta ɗaya bayan ɗaya, wai ko ta ɓoye mai tana ba jikarta. Bai sami kome ba sai daddawa da goro.

To, bari in gaya muku abin da mutanen gidan ba su sani ba. Al'adar gidan ita ce maigida yana cin tuwonsa shi kaɗai a zaure, in ya ƙoshi sai ya kira auta ya miƙa mata ragowa. Haka ubansa ya yi masa, haka shi ma yake yi wa Tabita, kuma da ƙauna yake yi. Amma a cikin jinkar zauren akwai wata 'yar kwalbar man shanu da ya soke. In yana dawowa daga gona kuma yakan biya wurin mai shayi ya sayi gutsuren burodi ya sa a aljihu. Da an ajiye masa kwano an fita, sai ya zaro kwalba ya ɗiga a tuwo, ya tsoma burodi a miya, ya ci abinsa. Yakan ce a ransa kwanonsa ne, cikinsa ne, shi ya yini yana noma, wa ya cuta? Har dabara yake yi, wai yana cinye gefen da mai ya taɓa, ya bar wa yarinya ɗaya gefen. Mutum da furfura a gemu, da wannan tunani.

Ana nan sai aka yi masa rasuwa a wani gari mai nisa, ya tafi ya yi mako uku. Kafin ya dawo zawo ya tsaya, ƙuraje sun bushe, Tabita har tana tsallen igiya a tsakar gida. Da ya gan ta sai ya yi ta murna yana cewa ga amfanin dokarsa. Kwana biyu da dawowarsa yarinya ta sake kwanciya.

Ran nan da yamma Damaris ta zuba wa Tabita tuwo, yarinya ta ture kwanon. Uwar ta lallashe ta, ta ƙi. Ta tambaye ta dalili.

Tabita ta ce, "Ni na Baba nake jira. Nasa ne mai ƙanshi."

Da aka kira auta daga zaure, Damaris ce ta tashi ta je ta karɓo kwanon. Ta sunsuna, ta ga ɓurɓushin burodi a cikin miya, ta wuce da shi kai tsaye wurin surukarta. Mijin ya biyo ta a baya. Iya ta kai kwanon hancinta sau ɗaya ta ajiye.

Ta ce, "Kusan wata shida rabona da wannan ƙanshi. Ashe yana kwanon wanda ya bincike ɗakina."

Mutumin ya fara kame-kame, ya ce ai gefen da ba mai yake bar mata.

Damaris ta ce, "Baban Tabita, mai yana da gefe a cikin tuwo mai zafi?"

Ya dubi 'yarsa a kwance tana riƙe da ciki, kunya da baƙin ciki suka rufe shi. Ya koma zaure ya zaro kwalbar ya miƙa wa matarsa, ya durƙusa ya roƙi uwarsa gafara. Daga ranar ya dawo da kwanonsa tsakar gida, yana ci a gaban kowa. Tabita ta yi kwana uku tana kukan tuwo mai ƙanshi, gama shi ya saba wa harshenta da abin da ke cutar ta. Ta warke daga baya, ta shiga makaranta, amma sa'o'inta sun riga sun wuce ta da aji guda.

Ma'anar wannan misali ita ce, magidancin nan mu ne, iyaye da malamai da dattawan ikkilisiya. Dokar da ya kafa ita ce koyarwa mai kyau da muke yi da baki. Kwalbar da ke cikin jinka ita ce zunubin da muka keɓe wa kanmu, muna cewa ɗan kaɗan ne, ba wanda ya gani. Ragowar kuwa ita ce halinmu, wanda 'ya'yanmu ke karɓa daga hannunmu kowace rana suna ci da murna, domin daga wurin wanda suke ƙauna ya fito.

Na gaji da jin iyaye suna cewa makaranta ta ɓata musu yara, ko abokai, ko maƙwabta. Ka hana ɗanka ƙarya, amma da baƙo ya yi sallama ka ce ya je ya ce ba ka nan. Kin hana 'yarki zagi, amma tana zaune tana tsince miki shinkafa kina cin naman maƙwabciya. Sa'an nan ku zo ku ce a yi musu addu'a sun lalace. Za mu yi addu'ar, amma a fara fito da kwalbar. Allah da yake ganin abin da ke cikin jinka yana shirye ya gafarta wa wanda ya fito da shi da hannunsa, sai dai gafara ba ta mayar wa Tabita ajin da ya wuce ta ba.

Saboda haka yau in kun koma gida, kafin ku lalube aljihun kowa, kowa ya sunsuna kwanonsa. Akwai wanda ya ture nasa tuwon yana jiran naka.