Motar Malam Barmo a Tsakiyar Rafi

Ku kashe rediyon nan ku matso. Labarin da zan ba ku yau har gobe in na tuna shi raina ɓaci yake yi, don haka kada wanda ya katse ni sai na kai ƙarshe.

A Ƙwarin Gawo an yi wani tsohon direba, Malam Barmo. Yana da wata tsohuwar Landirofa tun ta zamanin samartakarsa, wadda mutanen gari ke kira Gwaggo. Ba ta da kyan gani, fentinta duk ya koɗe, amma in damina ta sauka rafi ya raba garin da titi, ita kaɗai ke iya hayewa. Mai naƙuda da wanda maciji ya sara ita ke kai su asibiti, kuma Malam Barmo bai taɓa karɓar ladan kowa ba. Da rani sai a lulluɓe ta da tamfol a gindin tsamiya. Da tsufa ya zo, yana ta rufe masa idanu, sai ya bar tuƙi, ya damƙa motar a hannun 'ya'yansa uku: Lawandi, Sallau da autansu Mati.

Ana nan sai ga wani dillali, Ɗan'azumi, daga birni. Sana'arsa bin ƙauyuka yana tsintar irin waɗannan tsofaffin motocin daji, yana kai wa masu hali da ke tara su don ado. Su goge su, su jera a tsakar gida, baƙi su zo su yi kallo, motar da aka ƙera don laka ta ƙare ko ƙura ba ta taɓa ta. Kuma ba sa son sabon ƙarfe, sai na asali. Ɗan'azumi ya taya Gwaggo, Malam Barmo ya yi kememe ya ce ba ta sayarwa ba ce, ta gari ce. Dillalin ya yi murmushi ya tashi. Bai sake komawa wurin tsohon ba, sai ya bi 'ya'yan ɗaya bayan ɗaya.

Lawandi shi ne makanike, kuma shi ke tuƙa ta. Ya shiga ƙarƙashinta ya kwance farfelar gaba, wato sandar ƙarfen da ke sa tayoyin gaba su ja tare da na baya, ya sayar wa dillalin. Ba wanda ya kai shi sanin aikin wannan sanda. Amma abin da aka ba shi bai ci ko ƙwandala ba, ya kai mahaifinsa aikin ido da shi, aikin kuma bai yi ba. Ya ce a ransa kafin ruwa ya sauka zai nemo wata ya mayar, in ma ta kafe ai ga winci a gaba.

Sallau kuwa wincin ya kwance, injin nan mai naɗe da wayar ƙarfe da mota ke jawo kanta da shi in ta kafe. Shi ba ruwansa da idon kowa. Babur ya saya mai sheƙi, yana ta zaga gari yana tayar wa mutane ƙura. Sai dai a faɗi gaskiya, an yi shekaru ba a warware wayar nan ba. Ya ce motar da ke ja da ƙafa huɗu me za ta yi da igiya.

Mati shi aka ba amanar tayar da ita duk Juma'a don kada injin ya kwanta. Ya ɗaga tamfol ya ga gurbin winci wayam. Maimakon ya kai ƙara wurin uban, ko ya tsare yayunsa da tambaya, sai ya ja bakinsa ya yi gum. Ya ce ashe an fara rabon gado ba a kira shi ba. Shi ma ya kwance dogon bututun da ke tsaye a gefen gilashi, wanda injin ke shaƙar iska ta sama da shi in an shiga ruwa mai zurfi. Nasa ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da aka ɗauka, ɗan abin da aka ba shi ko sati bai yi a aljihunsa ba.

Damina ta sauka da wuri, rafi ya cika. Wata rana da hantsi Malam Barmo ya lallaɓa bayan gida, kububuwa ta sare shi a ƙafa. Kafin a yi haka jini ya fara tsattsafo masa ta dasashi. Maganin yana asibiti, asibiti kuma yana hayin rafi.

Aka yaye tamfol. Nan kowa ya ga babu winci, babu bututu. 'Yan'uwan suka kalli juna. Lawandi ya san ƙarƙashin ma babu komai, amma ya haɗiye maganarsa ya kama sitiyari. Da ya buɗe baki a lokacin, da an nemi ƙarti an ɗauki tsohon a kafaɗa tun ruwa bai ƙaru ba. Wannan shirun nasa yana ci mini rai ƙwarai.

Suka shiga ruwa. A tsakiyar rafi, inda yashi ke da laushi, tayoyin baya suka fara tona rami. Tsohon ba ya gani, amma kunnensa ya san kukan motarsa.

Ya ce, "Lawandi, gaba ba ta ja. Sallau, sauka ka jawo waya ka ɗaura a jikin gawon can."

Ba wanda ya motsa. Ruwa ya hau murfin gaban motar, injin ya yi tari ya mutu. Malam Barmo ya miƙa hannu ta taga yana lalube inda bututu yake, yatsunsa suka faɗa ramukan noti. Ya daɗe hannunsa na wurin.

Suka ciccibe shi su uku, ruwa har ƙirji, suna faɗuwa suna tashi, har suka kai gaɓa. Rana ta riga ta yi nisa, jini kuma bai tsaya ba. Suka kwantar da shi a bakin titi suna jiran mota. A nan ya ce kowa ya faɗa masa abin da ya yi. Suka durƙusa suna kuka, kowa ya faɗi nasa da dalilinsa, ba wanda ya ɓoye komai.

Ya saurare su har suka gama. Sannan ya ce, "Biyu daga cikinku na yafe musu duniya da lahira. Ɗaya kuwa, sai mun haɗu a can."

Suka riƙe ƙafafunsa suna cewa, "Baba, wane ne? Baba, don Allah faɗa mana!" Bai ƙara magana ba. Kafin a kai ƙofar asibiti rai ya yi halinsa.

Gwaggo tana nan cikin rafi, yashi ya binne ta, rufinta kawai ake gani da rani. Farfelar da wincin da bututun kuwa an ce suna jikin wata mota a birni, an goge su suna walƙiya a inuwa. 'Yan'uwan nan uku har yau ba sa cin abinci a kwano ɗaya, kowa in ya kwanta yana jin shi ake nufi, in ya tashi yana zargin ɗan'uwansa.

Kada wanda ya kawo mini zancen dillali, shi ciniki ya zo yi, kuma ba ubansa ba ne. Ga Lawandi da ya fi kowa sani, ya sayar don idon mahaifinsa, ya kuma yi shiru a bakin ruwa. Ga Sallau da ya sayar don babur, abin da ya ɗauka an daina amfani da shi ya cire. Ga Mati da aka ba amana, ya ga ɓarna ya rufe baki ya ƙara tasa.

To, ku faɗa mini, wane ne a cikinsu Malam Barmo bai yafe wa ba?