Kurege da 'Yar Farinsa Guduma

Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu ji ta, mu ga inda za ta sauka.

To ku gyara zama. Mai tari ya yi tarinsa yanzu ya gama, don ba na maimaitawa.

A wani gari can bayan dutse, zamanin da dabbobi ke da kasuwa da maƙera kamar kowa, an yi wani Kurege. Ba ya noma, ba ya saƙa, ba ya dako. Abin da ya sa a gaba shi ne tara ƙananan kayan aiki. In na ce ƙanana, ina nufin ƙanana: guduma da kanta bai fi ƙwayar gyaɗa ba, zarto kamar gashin fiffiken 'yar tsuntsuwar nan tsada, gizago mai ƙota kamar tsinken sakace. Ga awartaki, ga magagari, ga basilla, ga aska, ga hantsakin cire ƙaya. Guda arba'in cif yake da su.

Za ku ce ina ya same su. Maƙeran ƙasar suna da wata al'ada. In ka je ka ce a ƙera maka gatari, ba a taɓa babban ƙarfe tukuna. Sai maƙeri ya ƙera ɗan mitsitsin gatari na gwaji, ya sa masa 'yar ƙota, ya ba ka ka duba. In fasalin ya yi maka, sannan a yi babba. To Kurege sai ya je, ya yi sallama, ya ce a yi masa kaza. A yi na gwaji, a miƙa masa. Ya juya shi, ya ɗaga shi a rana, ya ce, "Ya yi kyau. Bari in kai wa mai ɗakina ta gani." Mai ɗakin nasa, Tabawa, ba ta taɓa cewa a kawo mata komai ta gani ba. Shi kuma ba ya komawa. Haka ya bi maƙera gari-gari har suka cika arba'in.

Ta farkonsu ita ce gudumar. Daga hannun Kunkuru, Sarkin Maƙeran garin, ya karɓe ta shekara bakwai da suka wuce. Kunkuru bai taɓa tambayar inda take ba, har Kurege ya ɗauka tsufa ya sa ya manta. Kunkuru kuwa ba ya mantuwa, jinkiri kawai yake yi.

Kullum da safe Kurege zai shimfiɗa farin ƙyalle, ya jera su, ya shafa musu man gyaɗa, ya goge, ya ƙirga, ya mayar cikin zabira. Gudumar tana da nata ƙyallen daban. Ita kam yana sonta, so na gaske, wanda bai taɓa yi wa mai rai ba.

Wata rana Tabawa ta ce, "Maigida, ƙyauren ɗaki ya saki. Ƙusa ɗaya ce za a buga."

Ya ce, "Da me?"

"Da gudumarka."

"Gudumata ta taɓa ƙusa mai tsatsa? Nemi dutse."

Ta nemi dutse. Wata rana kuma ƙaya ta soke ta, ta ce ya ara mata hantsaki. Ya ce, "Ƙafar taki ta taka ƙasa yau?" Ta ce ta taka. Ya ce, "To kin gani." Ta cire ƙayarta da haƙori.

Amma kada ku ce kayan ba su da amfani, don da su yake ci. A garin nan, ranar suna, ana ware wa kowane mai sana'a akushinsa na tuwo, kuma shaidar sana'a kayan aikinta ne. Kurege sai ya rataya zabira ya tafi. A ce, "Ina wanzamai?" Ya ɗaga 'yar aska. A ce, "Ina masassaƙa?" Ya ɗaga ɗan gizago. A ce, "Ina dukawa?" Ya ɗaga basilla. A ce, "Ina maƙera?" Ya buɗe gefen ƙyalle kaɗan, a hango kan guduma, ya rufe. Ya ci na wanzami, ya ci na masassaƙi, ya ci na baduku, ya ci na maƙeri, ya koma gida da ƙyar, jela tana jan ƙasa.

Ana nan, ana nan, wata shekara ƙarfe ya yi wuya. Ayarin da ke kawo tama bai zo ba, fartanyoyin gari duk sun cinye, ga hadari ya fara haɗuwa a gabas. Kunkuru ya sa aka yi shela: ranar Laraba kowa ya kawo ƙarfensa maƙera. Wanda ke aiki, mai shi ya koma da abinsa. Wanda ke zaman banza, a jefa shi wuta a yi fartanya. Kura aka ba kwandon tattarawa, saboda ba a cika yi mata gardama ba.

Tabawa ta dubi zabira ta ce, "In an haɗa su duka arba'in, za su yi fartanya ɗaya. Ƙarama."

Ran nan Kurege bai ci abinci ba, abin da ba a taɓa gani ba. Tsoro ya kama shi sosai. Ya zauna ya yi ta saƙe-saƙe, can ya ce a ransa, ai abin da ake nema a ga alamar aiki ne, to za a gani. Ya samo baƙin tukunya ya shafa wa bakin gizago. Ya je gindin rumfar masassaƙa ya ɗebo garin katako ya barbaɗa wa zarto. Ya goga magagari a dutse yana kawar da kai, kamar wanda ake yi wa sakiya. Gudumar ce kawai ya kasa taɓawa. Ya ɗauki toka, ya dube ta, ya mayar da tokar.

Laraba ta yi, gari ya taru. Kunkuru yana zaune bakin wuta, Kura tana tsaye da kwando. Layi ya zo kan Kurege, ya shimfiɗa ƙyalle, ya jera.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ga su. Ka yi haƙuri da dauɗa, daga wajen aiki muke."

Kunkuru ko kallon ƙarfen bai yi ba. Ya ce, "Miƙo hannunka."

Kurege ya miƙa. Kunkuru ya shafa tafin, ya juya, ya sake shafawa. Ya ce, "Babu kanta, tafi laushi kamar auduga." Sannan ya ɗauki gizagon ta baki, ya ɗaga ƙotar kowa ya gani. Kun san ƙotar da ke aiki: inda hannu ke kamawa yana yin baƙi da santsi saboda gumi. Wannan kuwa fara ce tas, kamar ranar da aka fere ta. Kurege ya ɓata ƙarfe ya bar ƙota, don wanda bai taɓa aiki ba bai san inda aiki ke barin sawunsa ba.

Kunkuru ya ce, "Kura, kwando."

Kura ta matso. Kurege ya dubi kwandon, ya dubi wutar, ya dubi ƙyallen da gudumarsa ke ciki. Sai ya zube a ƙasa, ya rungume su duka.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, yara ne."

"Su wa?"

"Waɗannan. Dube su mana. Ka taɓa ganin baligin zarto haka? Wa ke sa jariri aiki? Renonsu nake yi. Shi ya sa kullum safe nake shafa musu mai. A tambayi Tabawa."

Aka juya ga Tabawa. Ta ce, "Mai kam yana shafa musu. Ni ko da salla ban samu ba."

Kura, wadda ta bar 'ya'ya shida a gida, ta ajiye kwando, idonta ya kawo ruwa. Ta ce ita dai ba za ta jefa ɗan wani a wuta ba. Jama'a suka fara gunaguni, masu cewa lallai akwai kama tsakanin ɗan gizagon da babba, masu cewa Allah ya raya.

Kunkuru ya bi kayan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Ya daɗe yana dubawa, har mai zuga wuta ya gaji ya zauna. Can ya ce, "Suna girma?"

"A hankali, ranka ya daɗe. Wannan zarton bara bai kai haka ba."

"To. Ba a narka yara a maƙerata. Kura, wuce na gaba."

Daɗi ya kashe Kurege. Ya fara kwashe kayansa da sauri, yana yaba wa kansa a zuci, yana tunanin akushin sunan gidan Zomo da za a yi jibi.

Kunkuru ya ce, "Dakata. Wane ne babbansu?"

Nan fa bakin Kurege ya riga hankalinsa. Shekara bakwai yana jiran wanda zai tambaye shi. Ya warware ƙyalle, ya ɗaga ta sama. Ya ce, "Ga ta. Guduma. Ita ce ta fari. Dubi kanta, dubi wuyanta. Duk ƙasar nan babu irinta."

Matan wurin suka rufe baki. Uba ya kama sunan 'yar fari a bainar jama'a, har da yabo. Ku da kuke dariya, ku tambayi iyayenku ko kakanninku sun taɓa kiran sunan babban gidan.

Kunkuru ya ce, "Na gane ta. A bakin wutar nan aka wanke ta. Ni na ba ka ita ka kai wa mai ɗakinka ta gani, ashe zama ta yi. To duk ƙarfen da ya fito daga wutata jikana ne. 'Yar fari kuwa ta kaka ce, kowa ya sani. Tun yaye ya kamata ka kawo ta. Shekara bakwai ban ce maka komai ba." Ya miƙa hannu.

Kurege ya shiga lissafi. In ya ce guduma ce ba yarinya ba, ga kwando nan, duka arba'in sun tafi wuta, har da ita. In kuwa yarinya ce, uban kirki ba ya jayayya a kan 'yar fari, ko kallonta ba ya yi a gaban mutane. Ya auna nan, ya auna can, babu rami ko ɗaya, shi da ya saba da ramuka. Sai ya ajiye ta a kan ƙyallenta, ya kawar da kai, ya dubi bango.

Ya ce, "Wace yarinya? Ni ban ma san tana nan ba. A ɗauke ta."

Muryarsa ba ta yi rawa ba. Jelarsa ce ta yi.

Ya koma gida da talatin da tara. Washegari da sassafe, bai gama shafa musu mai ba, sai ga Bushiya ta yi sallama. Ta ce, "Kurege, ina yaron nan Basilla? Zan aike shi, takalmina ya tsinke." Kun dai sani, ba a hana maƙwabci aiken yaro. Kurege ya miƙa. Ta fita, Zomo ya shigo yana neman Zarto ya taya shi yanke ƙwaryar ludayi. Ya fita, Hawainiya ta zo, a kan Magagari, wai faratanta. Da la'asar Tabawa ta taka ƙaya. Ba ta ko dubi mijinta ba, ta sa hannu a zabira. Ta ce, "Hantsaki, zo nan in aike ka." Kurege ya ce ƙafarta ta taka ƙasa. Ta ce, "Ɗana ne."

Ranar sunan gidan Zomo aka ce, "Ina wanzamai?" Kurege ya ɗaga aska. Aka ce masa yara ba su da akushi, su koma wajen yara. Aka ba shi ƙanzo a ganye, ya raba musu. Kafin kaka ta yi, ƙotocin nan talatin da tara duk sun yi baƙi sun yi santsi, gari kuma kowa yana yabon tarbiyyar 'ya'yan Kurege, ba su da ƙiwa.

Duk wannan ya daure. Abin da ya kasa daurewa shi ne wata ƙara. Kunkuru ya sa jikarsa aiki, yana ƙera allura da 'yan kunne da ita. Kullum hantsi, tsakanin dukan manyan guduma, sai a ji wata 'yar murya daga maƙera, ƙil, ƙil, ƙil, siririya, mai daɗi. Shekara bakwai tana hannun Kurege, bai taɓa jin muryarta ba sai da ta bar gidansa. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma ba shi da wanda zai faɗa wa.

Wata rana suka haɗu da Kunkuru a hanyar rijiya. Kurege ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ya mutanen gida?"

"Lafiya."

"Duka?"

"Duka."

"Har ƙanana?"

"Wa kake tambaya?"

Kurege ya dubi ƙasa. Ya ce, "Babu kowa."

Kunkuru ya ce, "To, babu kowan tana nan lafiya. Ta iya aiki. Ba ta biyo ubanta ba." Ya wuce a hankali.

Shi ya sa har yau, in kun hango kurege a bakin gona ya miƙe tsaye a kan ƙafafun baya, ya haɗa hannuwa a ƙirji, ya karkata kunne wajen gari, ba ku yake tsoro ba. Yarinyar nan yake saurare. In kuwa kun tambaye shi abin da yake ji, sai ya shige rami, don ba zai faɗi sunanta ba.

Ƙurunƙus kan ƙusa mai tsatsa. Duk wanda zai tara kaya a cikinku, ya fara da wanda ba ya so.