Shingen Malam Jatau

An yi wani mutum a wani gari, can da daɗewa, ana ce masa Malam Jatau. Bawan Allah ne mai ɗinkin hula, ba sarauta, ba dukiya. Ku saurara, 'yan'uwana mata, ku da kuke goyo kamar yadda nake goyo.

A unguwarsu akwai wani kududdufi, ramin da magina suka yi ta haƙa har damina ta mai da shi tafki, kuma ta bakinsa yara suke bi. Shekarar da ruwan ya ci wata yarinya, kowa ya ce ƙaddara. Malam Jatau ya ce, "Ƙaddara ce, amma ramin mu muka haƙa." Ya ja amininsa Nomau suka shiga daji, suka saro itace, suka kewaye ramin da shinge.

Tun daga nan bai huta ba. Yau yana gun mai unguwa, gobe yana gun dagaci, a hana haƙar ƙasa. A zare masa itace, ya mayar. A sake zarewa, ya sake mayarwa, har furfura ta rufe shi. Alhaji Barmo, wanda ya fi kowa ɗibar ƙasar, in ya hango shi sai ya ɗaga murya, "Sarkin Kududdufi, ranka ya daɗe! Yaya kwaɗi?"

Shi kuwa sai ya ce, "Kwaɗi lafiya lau, Alhaji. Yaran nake ji."

Ana tsakiyar damina Allah ya karɓi ran Malam Jatau. Ranar sadakar uku, zo ku ga jama'a! Alhaji Barmo ya kawo shinkafa da rago, ya zauna a kan darduma yana share ido. "Mun yi rashi. Wallahi irin Malam ba za a sake yi ba." Masu dariyar jiya suna ta gyaɗa kai. Nomau na gefe, ya kau da kai ya dubi inda mata suke girki. Sai idonsa ya faɗa kan itacen da ke ci a ƙarƙashin tukunya, da sauran igiyar kaba a jikinsa. Ɗaurin hannun amininsa ne.

Ya ce da wata mai girki, "Ke Tabawa, ina kuka samo itacen nan?"

"Baba, na shingen nan ne. Alhaji ya ce a ciro, ai mai shi ya rasu, kuma sadakarsa ake dafawa."

Kun ji fa! Sadakarsa!

Nomau bai tsaya neman takalmi ba. Tsoho da shi, ya sheƙa da gudu. Ya tarar da shinge a wangale, ga wani yaro ɗan tatata ruwa ya kai masa ƙirji, yana miƙa hannu zai kamo furen bado. Ya fizgo shi, ya rungumo shi har gidan makoki. Tabawa ta ƙwalla ƙara. Ɗanta ne, ta sauke shi don ta juya abinci.

Nomau ya miƙa mata shi, ya sunkuya yana zare itace daga murhu, da wutarsa da hayaƙinsa.

Alhaji ya ce, "Haba Malam Nomau, shinkafar ba ta nuna ba!"

"Ta zauna ɗanya. Da ransa kun yi masa dariya, ya haƙura. Yau kuna yabonsa da baki, kuna ƙona aikinsa a murhu. Wanda ya zo ta'aziyyar Jatau ya biyo ni."

Ya saɓa itacen ya fita. Tabawa ce ta fara binsa, ta goya ɗanta tam, ta ɗauki sauran. Daga nan mata suka tashi. Maza kunya ta tashe su.

To, 'yan'uwa, ga abin da nake so mu riƙe. Yabon mamaci ba ya tare rami. Wanda ya yi wa unguwa wahala, haƙƙinsa a kanmu shi ne addu'a, sannan mu ɗauki aikinsa daga inda ya ajiye. Kowace a cikinmu ta san rijiyar da ba murfi a layinsu, ta san kwatar da ke buɗe, ta kuma san mutumin da yake ta magana a kai ana ce masa mai neman fitina. Kada ki jira ranar makokinsa. Ki je ki tambaye shi me za ki kama masa, tun yana iya amsa sallamarki.